Rufa-Ido Da Damfara: Wa Ya Kamata Doka Ta Kama?

A watan Mayun 2024, Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta fito da wata ƙa'ida da ta hana ƙawata tsafin neman kuɗi da kisan tsafi da shan taba a cikin fina-finai da bidiyon waƙoƙi, har da gajerun wasannin barkwanci da ake yaɗawa ta waya. Shugaban hukumar, Dokta Shaibu Husseini, shi ne ya sanar da haka a wani taro a Inugu. Da aka shiga Janairun 2025, Gwamna Charles Soludo na Jihar Anambra ya sa hannu a kan wata dokar tsaro wadda ta tanadi ɗaurin shekara shida ko tarar Naira miliyan 20 ga wanda ya ruɗi jama'a da cewa yana da asirin da ke kawo dukiya, kuma ba a yi nisa ba aka fara kama manyan bokayen da suka yi tashe a Facebook da TikTok. Wata uku bayan haka, a Afrilun 2025, manhajar zuba jari ta CBEX, wadda ta riƙa yi wa mutane alkawarin ninka musu kuɗi cikin kwana 30, ta rufe da dukiyar dubban 'yan Najeriya. A wannan na ukun babu boka, babu laya, babu jan ƙyalle ko baƙin zakara. Lambobi ne kawai ke ƙaruwa a fuskar waya, mai kuɗi yana kallo yana murna, har zuwa ranar da ya nemi cire abinsa.

Abubuwan nan uku sun haɗu a wuri guda: an nuna wa ido abin da ba shi ne ba. Dokar Anambra ta tsaya a Anambra, amma irin wannan iska ba ta daɗewa ba ta kaɗo Arewa ba, inda dama muna da hukumomin da ke sa ido a kan nishaɗi, kamar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa tun 2001. Ranar da ta kaɗo, wanda zai fara shiga hannu shi ne wanda ya fi sauƙin gani, wato gardi da kurarsa, da ɗan tauri da wuƙarsa, da ɗan dabo a bakin kasuwa. Don haka ya dace tun yanzu a tsaya a tantance wanda yake wasa da wanda yake sata, kafin a haɗa su a mota guda a nufi caji ofis.

Harshen Hausa ya riga hukuma yin wannan tantancewa. Kalmar rufa-ido ita kanta ta tona asirin abin: ido aka rufe, duniya tana nan yadda take. Dabo kuwa gwanintar hannu ce da sauri, irin ta mai fitar da ƙwai daga hular yaro ko mai haɗiye allurai ya zaro su a jere a zare. Sihiri da tsafi da tsibbu wani fage ne daban, domin su da'awa ce ta cewa akwai wani ƙarfi na ɓoye da ke yi wa mutum aiki. A baki an raba su. A kasuwa ne suka cakuɗe, kuma dalilin cakuɗewar na kuɗi ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Zazzau ya ga 'yan tauri a cikin tawagar hakimai, ana yi musu kiɗa suna gurza wuƙaƙe a ciki da wuya. Wanda ke cin kasuwar Sabon Gari ko ta Giwa ko ta Maƙarfi ya san yadda gardi ke tara jama'a: ganga, kirari, sai a buɗe akwatin maciji ko a jawo kura da takunkumi. Ba a sayen tikiti. 'Yan kuɗin da ake jefawa a fili ba za su ciyar da kura ba, balle mai ita da iyalinsa. Cinikin gaskiya yana zuwa ne bayan ido ya ƙoshi, sa'ad da aka kwance jaka aka fito da ƙulle-ƙullen magani: na maciji da kunama, na ƙarfe, na basir da shawara, na farin jini, na kasuwa. Wasan talla ne, maganin shi ne haja. Lokacin da mai ɗaukar hoton nan na Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata tawagar gardawan Arewa a 2005 da 2007 har hotunansu suka zagaya duniya, Turawa sun tsaya mamakin kura a kan titi, alhali mutanen fataucin magani suke yi.

A nan gizo ke saƙa. Mai wasan da abincinsa ya rataya a kan sayar da laya ba zai taɓa cewa dabara ce ba, domin ranar da ya faɗi haka, ranar kasuwarsa ta watse. Dole ya bar mai kallo da zaton cewa asiri ne. Takwaransa na Turai kuwa ya daɗe da samun wata hanyar cin abinci. A Janairun 1921, wani Baturen Ingila mai suna P. T. Selbit ya sa mace a akwati ya ratsa shi da zarto a wani gidan wasa da ke Landan, mutane suka yi ta tururuwar zuwa kallo. Babu wanda ya fito yana neman maganin zarto. Sun biya kuɗin ƙofa ne don a ruɗe su na ɗan lokaci, sun kuwa san da haka, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Landan, wadda aka kafa a 1905, tana hana 'ya'yanta tona dabara ga bare, amma ba ta taɓa ɓoye cewa dabarar ce ba. Sirrin yana cikin yadda ake yi. Abin da ake yi kuwa kowa ya san sunansa.

Ƙasar Zazzau tana da tarihin da zai taimaka wajen fahimtar wannan magana, kuma wani yanki nasa yana Wusasa, garin da ke 'yan kilomitoci a wajen ganuwar birni, daura da dutsen Kufena. A 1929 ne 'yan mishan na CMS suka tashi daga cikin birnin Zariya, inda Dokta Walter Miller ya zauna tun 1905, suka koma can suka kafa majami'ar St. Bartholomew da makaranta da asibitin St. Luke. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wanda ya fi shafar zancenmu shi ne John Tafida Wusasa, wanda shi da Dokta Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da Hukumar Talifi ta fitar a tsakiyar shekarun 1930. Labari ne na mutumin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman asirin ramuwa, abin ya ƙare da hallaka. A cikin biyar ɗin nan akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda daga baya ya dawo Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shi kuma cike yake da dabarun da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna da kuma mutanen garuruwan da suke ratsawa.

Littattafan biyu sun bi hanyoyi biyu da har yau ake bi. Jiki Magayi ya ɗauki asiri a matsayin abu mai ci, ya tsoratar da mai karatu daga bin sa. Ruwan Bagaja ya zaunar da mai karatu a bayan labule, ya nuna masa yadda ake ƙulla damfarar, ya bar shi yana dariyar wanda aka yi wa. A ganina hanya ta biyu ta fi zama rigakafi. Wanda aka tsoratar ya ƙara tabbata cewa abin yana aiki, abin da ya rage kawai shi ne ranar da matsuwa za ta rinjayi tsoronsa. Wanda aka nuna wa zaren ɗinkin kuwa, da wuya a sake sayar masa da rigar.

Kalmar majigi ma shaida ce. Asalinta daga sunan Turanci ne na wata fitila da 'yan mishan da ma'aikatan mulkin mallaka ke haska hotuna da ita a bango, sunan da ma'anarsa ita ce fitilar sihiri. Daga baya sunan ya koma kan motocin da ke yawo gari-gari suna nuna fina-finan gwamnati. Akwai lokacin da Bahaushe ke kiran sinima dodon bango, malamai suna muhawara a kan halaccin kallon mutanen da ke motsi ba su da rai. Babu dokar da ta cire wannan tsoro. Abin da ya cire shi shi ne 'ya'yan Hausawa sun koyi sarrafa na'urar, har a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, aka buɗe ƙofar masana'antar da yau ake kira Kannywood. Yanzu yaro ɗan firamare ya san cewa idan boka ya ɓace a fim, tsayar da kyamara aka yi ya fita daga fili aka ci gaba da ɗauka. Wannan dabara kuwa wani ɗan dabon Faransa ne, Georges Méliès, ya yayata ta a ƙarshen ƙarni na 19, wato tun daga tushe fim da rufa-ido 'yan gida ɗaya ne.

Gidan wasan da Méliès ya mallaka a Paris na wani gwani ne da ya gabace shi, Jean-Eugène Robert-Houdin, kuma labarinsa ya kamata kowane ɗan Afirka ya sani. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shi Aljeriya domin ya karya kwarjinin shehunan da take zargi da zuga jama'a su yi mata bore ta hanyar nuna abubuwan al'ajabi. A gaban shugabannin ƙabilu ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga wani ɗan akwati, ya ɗaga ba wahala. Sai ya ce ya zare masa ƙarfi, mutumin ya yi iya yinsa akwati ya ƙi motsi. Gindin akwatin ƙarfe ne, a ƙarƙashin dandamali kuma akwai maganaɗisun lantarki da ake kunnawa a kashe. Abin da a Paris wasa ne na kuɗin ƙofa, a Aljeriya ya zama makamin mulki, don kawai masu kallo ba su san lantarki ba. Akwatin bai canza ba tsakanin biranen biyu. Abin da aka gaya wa masu kallo ne ya canza.

Najeriya ta taɓa samun nata gwanin dandamali. Moshood Abiola, wanda duniya ta sani da Farfesa Peller, an haife shi a Iseyin a 1941, ya je Indiya ya koyo sana'ar, ya dawo ya cika manyan ɗakunan taro da otal-otal a shekarun 1970 da 1980. Shi ma yakan sa matarsa a akwati ya raba ta biyu ya mayar. Kayan aikinsa irin na sauran 'yan dabon duniya ne, amma yawancin masu kallonsa ba su taɓa yarda cewa dabara ce ba. Da 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa da ke Onipanu a Legas ranar 2 ga Agustan 1997, maganar da ta bazu a gari ita ce wai sun same shi ne a lokacin da ya tuɓe layunsa zai yi salla. Ko mutuwarsa ba ta sa jama'a sun sake tunani ba, sai ma suka nema wa asirin uzuri. Tun bayansa sana'ar ba ta sake samun mai irin wannan tashe ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake: iyaye ƙalilan ne za su bar ɗansu ya koyi abin da unguwa za ta kira tsafi.

To, me ɗan kasuwa da ma'aikaci suka rasa da wannan? Sun rasa makarantar da ta fi kowace arha wajen koyon yadda ake cutar ido. Dubi 'yan wala-wala na tashar mota da katinsu uku. Mai rabawa yana riƙe da kati biyu a hannu guda, ya nuna maka na ƙasa, amma wanda yake jefawa na sama ne, idonka kuma ya bi wanda ya faɗi. Mutanen da ka ga suna ci suna shewa kafin ka sa naka, yaransa ne. Dubi masu wankin baƙin kuɗi. Takardun kuɗi biyu ko uku na gaske ne aka shafa wa sinadarin da ya baƙanta su, a wanke su a gabanka su fito fes, sauran abin da ke cikin akwatin kuwa baƙar takarda ce da aka yanka daidai girman kuɗi, kai kuma za ka sayi maganin wanki da jarinka. Mai ninka kuɗi ya fi su haƙuri. Ka ba shi dubu goma ya mayar maka da ashirin, ka ba shi hamsin ya mayar da ɗari, duk daga aljihunsa, domin wannan shi ne nasa jarin. Yana jiran ranar da za ka sayar da fili ko ka kwaso kuɗin adashin ofis. MMM, wadda ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, a kan wannan turba ta tafi, kuma hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasa ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan uku sun yi asarar wajen Naira biliyan 18. CBEX ta maimaita karatun bayan shekara takwas, da sabon allo.

Wasannin gargajiya ma suna da nasu bayanin, ko da yake a nan sai an yi magana da ladabi. Wuƙa tana yanka ne idan an ja kaifinta a kan fata, kuma wadda aka dasashe tsakiyarta aka bar bakinta da kaifi za ta fere rake a gaban jama'a ta kuma gurji ciki ba jini. Jiƙaƙƙen harshe ko tafin hannu yana iya taɓa jan ƙarfe na ƙiftawar ido, domin tururin da ya tashi yana shiga tsakani, abin da wani likitan Jamus mai suna Leidenfrost ya bayyana tun 1756. Macijin wasa galibi an cire masa haƙoran dafi, sai dai haƙoran suna sake tsirowa, shi ya sa ake jin gardi ya mutu da saran abin da ya shekara yana rataya a wuya. Faɗin haka ba ya nufin kowane ɗan tauri maƙaryaci ne. Da yawansu gado suka yi, an ba su magani tun suna goye, sun yi imani da shi har zuci, kuma horo da taurin rai da sanin ƙarfe da suke da shi gwaninta ce ta gaske da ta cancanci tafi. Matsalar tana kan wanda ya sayi ƙullin maganin maciji ya tafi gona da shi, ranar da kububuwa ta sare shi ya tsaya shafa gari a maimakon neman allurar dafi irin wadda ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo.

Jini yana zuba a wannan fage fiye da yadda ake zato. Ba a daɗewa jaridu ba su kawo labarin wanda aka harbe wajen gwajin maganin bindiga ba, wani lokaci bokan, wani lokaci mai saye. Wasan cafe harsashi yana daga cikin mafi haɗari a dandamalin Turai, inda bindigar ma an yi mata gyaran da harsashi ba zai fita ba, amma duk da haka a Maris na 1918 ya kashe William Robinson, Ba'amurken da ke wasa da sunan Chung Ling Soo, bayan harsashi ya same shi a gaban 'yan kallo a Landan, saboda bindigar ta sami matsala. Mu a nan da bindigar gaske ake gwadawa. A yankunan Giwa da Birnin Gwari, inda 'yan sa-kai ke fuskantar 'yan bindiga masu manyan makamai, wanda ya sayar wa saurayi da guru ya ce harsashi ba zai taɓa shi ba, kusan likkafani ya sayar masa. Haka nan a watannin Satumba da Oktoban 2023, zargin satar mazakuta ya karaɗe Abuja da kewaye, aka yi ta dukan bayin Allah a kan titi don sun gaisa da wani ko sun goge shi a mota, har 'yan sanda suka gurfanar da wasu masu ƙorafin a kotu bayan likitoci sun duba sun ga komai yana nan. Jama'ar da aka raina a kan cewa hannu yana iya ɓatar da abu ta hanyar asiri, ba a yi mamaki ba idan ta ɗauki sanda.

Doka ba ta rasa abin kama mai laifi ba. Dokar hana zamba ta tarayya ta 2006, wadda EFCC ke aiki da ita, ta ambaci waɗannan abubuwa da sunansu a sashe na biyu: wanda ya yi da'awar fitar da kuɗi daga takarda ta hanyar wanke ta da sinadari, da wanda ya yi da'awar ninka kuɗi ta hanyar tsafi ko wani ƙarfi na ɓoye da niyyar cuta, hukuncinsa ɗauri ne daga shekara biyar zuwa 15 ba zaɓin tara. Kundin Penal Code na Arewa ma ya daɗe da tanadi a kan zamba da laifuffukan da suka shafi tsafi. Abin lura shi ne dokar 2006 ta ɗora laifin a kan da'awa da niyyar cin dukiyar wani, ba ta kula da abin da ido ya gani ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace, kuma ya fi hana nuna boka a fim amfani nesa ba kusa ba. Inda take tuntuɓe shi ne wanda aka cuta ba ya zuwa ƙara. Babban ɗan kasuwa ko darakta a ma'aikata zai gwammace ya haɗiye asarar miliyoyi da a ji a gari cewa ya kai kuɗi a ninka masa, ɗan damfara kuwa da wannan kunya yake lissafi tun farko.

Za a ce ai addini ya riga ya yanke hukunci, kuma gaskiya ne malamai da dama suna hana rufa-ido ko da na wasa ne, saboda kamanninsa da sihiri da kuma ruɗin da yake jefa jahili a ciki. Ƙissar Annabi Musa (AS) da matsafan Fir'auna ta nuna cewa idanun mutane aka sihirce har igiyoyi da sanduna suka yi kamar suna tafiya, kuma Imam Fakhruddin al-Razi ya lissafa saurin hannu da na'urorin dabara a cikin nau'o'in abin da ake kira sihiri. A majami'un Wusasa ma ana karanta labarin Siman na Samariya a Ayyukan Manzanni, wanda ya riƙa ba mutane mamaki yana ɗaukaka kansa, har ya so sayen baiwar Allah da kuɗi. Hukuncin halacci na malamai ne, ba na mai sharhi a jarida ba. Sai dai tarihin Musulunci ya nuna cewa sanin dabarar da bayyana ta aiki ne da magabata suka yi. A ƙarni na tara, 'yan'uwa uku na Bagadaza da ake kira Banu Musa sun rubuta littafi mai ɗauke da na'urori kimanin ɗari, ciki har da tulunan da ke zubo ruwa iri-iri daga baki guda, suka zana yadda kowace ke aiki. A ƙarni na 13, al-Jaubari na Dimashƙa ya rubuta littafi sukutum, bisa buƙatar wani sarki, yana tona dabarun shehunan ƙarya da masu da'awar mayar da ƙarfe zinariya da masu maganin bogi. Ya iya yin haka ne saboda ya zauna da su ya koyi abin da suke yi.

Haka abin yake a ko'ina: ɗan dabo ne ke kama ɗan damfara. Harry Houdini ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe, kafin rasuwarsa a 1926, yana fallasa masu da'awar magana da matattu a Amurka. James Randi ya tona wani mai wa'azin talabijin, Peter Popoff, a 1986, bayan ya gano cewa wahayin da yake da'awa matarsa ce ke karanto masa sunayen marasa lafiya ta wata 'yar na'ura a kunne. Randi ya ajiye Dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya nuna ƙarfin ɓoye a ƙarƙashin sa ido, har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ɗauka. Farfesan kimiyya yana iya ruɗuwa, domin abubuwan da yake aunawa a ɗakin gwaji ba su da niyyar yaudararsa. Mai sana'ar ya san inda ake ɓoye hannu.

Buƙatar irin waɗannan mutane ta ƙaru yanzu da dandalin ya koma cikin waya. Abin da gardi ke shekaru yana koyo, yaro mai manhajar tace bidiyo zai yi wanda ya fi shi cikin minti goma, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke sa fuskar malami ko gwamna ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ta tsufa a hannunmu. A bakin kasuwa aƙalla kana iya zagayawa bayan mai wasa ka leƙa jakarsa.

Zariya tana da kayan aikin da za ta fara wani abu. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi suna a Afirka tun shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton da abokan aikinsa, da waɗanda suka biyo baya irin su Salihu Bappa da Steve Abah, suka riƙa fita da ɗalibai zuwa Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Wanda ya iya kai wasa ƙauye a kan taki da bashi, zai iya kai shi kasuwa a kan wankin kuɗi. A birnin Cape Town akwai makarantar koyon dabo da aka buɗe tun 1980, tana ɗaukar yaran unguwannin talakawa tana koya musu sana'ar a matsayin fasahar dandamali, ba wanda ya ce ta yaye matsafa. Jihar Kaduna na iya yi wa masu wasannin gargajiya rajista a matsayin 'yan nishaɗi, a ba su fili da lada a bukukuwan al'adu da na makarantu, a bar maganar ƙullin magani a hannun NAFDAC da hukumomin lafiya kamar kowane magani. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada da na ma'aikata ba sai sun jira gwamnati ba: yammaci guda da za a kira gwani ya yi wala-wala da wankin kuɗi a gaban mambobi, sa'an nan ya maimaita a hankali har kowa ya ga inda hannun ya bi, kuɗinsa ba zai kai asarar mutum guda ba.

Cikas ɗin yana wurin mai wasan. Abin da za a nemi ya buɗe gadon gidansu ne, wanda ubansa ya rantsar da shi a kai, kuma idan ya buɗe a Sabon Gari ranar Asabar, labari zai riga shi isa Giwa da Maƙarfi, jakarsa ta daina ciniki. Zai tambayi abin da zai ci bayan nan, kuma dole wanda ya gayyace shi ya zo da amsar a rubuce, da adadin kuɗi da yawan wasannin da za a riƙa kiransa a shekara.